Jawabin magatakarda: kaya na isowa, mai saye ne ba ya isowa



An ce mu yi magana kan abin da ya fi damun mambobi bana. Da muka duba littafin ƙorafi, ba kwastan ba ne a gaba, ba canjin sefa da sidi ba ne. Mota ce.

Tun 2021 da aka tashe mu daga Agbogbloshie aka kawo kasuwar albasa Adjen Kotoku, bayan Amasaman, fili kam mun samu, babbar mota tana juyawa ba rigima. To amma ku duba: albasa ta taso daga Galmi, ta ratsa Burkina Faso, ta ƙetare iyaka biyu, ta sauka lafiya. Mai sayenta da ke cikin Accra ita ce ta kasa zuwa. Sai ta hau trotro biyu ko uku, ta sha cunkoso da ƙurar aikin titin Ofankor zuwa Nsawam, a komawa kuma yaron mota ya caji buhu kamar fasinja. Wadda da take zuwa kullum, yanzu sai ta haɗa kwanaki. Albasa kuwa ba ta jira. Kowa a nan ya san warin buhun da ya kwana biyu a ƙasa, ya kuma san wanda zai biya manomi a gida.

Abin bai tsaya ga ciniki ba. Yaranmu masu sauke kaya da ke Nima da Sabon Zongo suna fita kafin asuba, su dawo yara sun yi barci. Wasu sun haƙura, a rumfa suke kwana, iyali sai Juma'a. An yi jana'iza a zango, mun iso an riga an dawo daga maƙabarta. Da kunya muka yi gaisuwa.

Layin dogo na Nsawam ta nan ya bi, muna kallonsa kullum. Za mu ci gaba da rubuta wa hukuma a kansa.

Kafin nan, kwamiti na kawo shawara: mu zauna da ƙungiyar direbobi, a ba mu bas ɗaya daga Nima bayan sallar asuba, kai tsaye, da kuɗin buhu tsayayye wanda kowa ya sani. Idan kujeru ba su cika ba a watan farko, asusun ƙungiya ya cike giɓin. Kuɗinku ne, don haka sai kun yarda. Bayan la'asar za a ɗaga hannu. Iyayenmu mata, don Allah kada ku tafi kafin nan.