Jawabi a Taron Manoma: Yadda Ake Renon Itacen Oak a Ƙasar Sifen



Yau za mu ɗan yi nisa, mu duba wani itace na ƙasar Sifen. Sunansa oak, kuma yana da iri da yawa. Wanda muke nufi shi ne wanda ganyensa ba ya kakkaɓewa, mutanen can suna ce masa encina. A yankin Estiremadura da Andalus ana barinsa jefi-jefi cikin gonaki da makiyaya, kamar yadda muke barin gawo da ɗorawa. Yana ba da inuwa da itacen wuta da gawayi, da 'ya'yansa kuma ake kiwata aladu daga Oktoba zuwa Fabrairu. Yakan rayu ɗaruruwan shekaru.

Kada wani ya ce mu nemo masa iri. Ruwansu da sanyi yake sauka, namu da zafi, don haka ƙasarmu ba ta dace da shi ba. Renon ne muke so mu gani.

Da zarar 'ya'yan sun faɗo ake tsince su, a zuba cikin ruwa. Wanda ya taso sama ya lalace, a zubar. Ba a shanya sauran, gama idan irin ya bushe ya mutu. Akan binne shi zurfin ɗan yatsa a inda zai zauna, domin saiwa yake fara turawa can ƙasa kafin ya yi tsawon kirki. Ɓeraye da aladun daji sukan tone wasu. Zafin shekarar farko kuma yakan kashe da yawa idan ba a shayar ba.

Duk da haka, babbar damuwarsu bakin dabba ce. A makiyaya da yawa tsofaffin itatuwa kaɗai ke tsaye, babu na baya, gama shanu da tumaki da awaki suna cinye tsiron. Ga kuma ciwon ruɓar saiwa yana kayar da tsofaffin. Shi ya sa suke kewaye kowane ɗan itace da ragar waya shekara da shekaru, sai kansa ya fi ƙarfin saniya.

To, mu ma kowa ya ƙirga ƙananan gawon da ke gonarsa. Wanda ba shi da kuɗin waya, ƙaya ta isa, amma a kewaye kafin a saki dabbobi bayan girbi.