Shuɗiyar Ƙwaya da Hawan Jinin Huhu

A unguwar Rijiyar Zaki ba abin mamaki ba ne magidanci ya raɓa kemis bayan isha'i, ya yi ƙasa da murya, a ƙulle masa shuɗiyar ƙwaya, wato Viagra, a leda. To, sinadarin sildenafil da ke cikin Viagra shi ne dai a Revatio, maganin hawan jinin huhu da Amurka ta amince da shi a 2005. Mai shan Revatio ya ƙara Viagra, ya ninka magani ke nan. Mai shan riociguat kuwa, wani maganin hawan jinin huhun, likitoci sun hana haɗa shi da Viagra kwata-kwata: jini ya faɗi, jiri ya kwashe mutum, ya suma. Wasu magungunan gargajiya na maza ma da sildenafil ake cakuɗa su. Maigida, kafin ka haɗiya, tambayi likitanka.