Jawabin Shugaban Kwamitin Horarwa a Bikin Yaye Sabbin Malaman Daji na Ƙananan Hukumomi

 

Mai girma Gwamna, wanda mai girma Kwamishinan Muhalli ya wakilta, mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara, masu girma 'yan Majalisar Dokoki, babban sakataren ma'aikata da daraktocinsa, shugaban Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, shugabannin ƙananan hukumomi da kansilolinsu, iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni, malamai da limamai, arɗo-arɗo da sarakunan noma, Sarkin Dawa da jama'arsa mafarauta, iyayenmu mata, 'yan jarida, sa'an nan ku 'ya'yana da aka taru dominku, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan haka, wajibi ne in fara da bayyana godiyar kwamitinmu ga gwamnati, wadda ta ɗauki nauyin wannan horo tun daga ranar da aka buɗe shi har zuwa yau, ta ciyar, ta tufatar, ta ba da masauki, kuma ba ta bari an tsayar da karatu ko sau ɗaya saboda rashin kayan aiki ba. A cikin wannan ɗan lokaci an farfaɗo da wuraren renon itatuwa waɗanda suka daɗe a kulle, an gyara rijiyoyinsu, an sake auna iyakokin wasu gandayen daji waɗanda duwatsun alamarsu suka ɓace, an sayo babura da addunan aiki da takalma, an kuma gayyato malamai daga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos, wadda tun 1958 take yaye ma'aikatan wannan fanni, da takwararta ta Afaka a Kaduna, suka zauna da yaran nan a aji da cikin daji. Muna godiya ga mai martaba, wanda ya umarci hakimai su zaɓo matasa masu natsuwa daga ƙasashensu, da iyayen da suka yarda suka ba mu 'ya'yansu a lokacin da ake bukatarsu a gona. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Abin da aka koya musu sananne ne ga mafi yawan waɗanda ke zaune a nan. Sun san yadda ake share hanyar yanke wuta kewaye da gandu da zarar ruwa ya ɗauke. Sun san ƙunar farko, watau a sa wa ciyawa wuta da gangan tun tana da sauran ɗanyantaka, da safe ko da yamma sa'ad da iska ta kwanta, domin kada ta taru ta bushe ta zama makamashin babbar gobara a tsakiyar hunturu. Sun san karanta iska, da tare wuta daga gefenta, da rubuta rahoto, da yadda ake zama da mafarauci da makiyayi da mai ɗiban zuma a yi magana cikin mutunci.

To, ranka ya daɗe, a nan zan ajiye takardar da aka shirya mini na ɗan lokaci, gama akwai maganar da in ban faɗe ta yau ba, alhali shugabannin ƙananan hukumomi suna zaune a gabana, ban san ranar da zan sake samun su wuri ɗaya ba. Na lura ma wasu kujerun nasu wakilai ne a kai. Ina roƙon waɗannan wakilai, don Allah, su isar da saƙon nan kamar yadda suka ji shi, kada su rage masa kaifi a hanya, kuma su gaya wa masu gidansu cewa mun so ganin fuskokinsu.

Yaran nan da muke yayewa, har zuwa wannan sa'a da nake magana, mafi yawansu ba su riƙe da takardar ɗaukar aiki. Gwamnatin jiha ta horar, amma daji a ƙasar ƙaramar hukuma yake, kuma wutar da za ta tashi a Disamba ba za ta jira a aika wa hedkwata wasiƙa ba. Tun zamanin En'e haka tsarin yake: kowace hukumar gargajiya tana da gandayenta, da malamin dajinta, da masu gadi waɗanda baitulmali ke biya wata-wata, har ya kasance yaro a ƙauye ya san ba a sare ɗorawa ko a sa wa gandu wuta a kwana lafiya. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, wannan amana ta koma hannunsu, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci sa hannunsu cikin raya aikin gona da albarkatun ƙasa a jerin ayyukan da suka rataya a wuyansu. Amma me muka gani? Tsofaffin ma'aikata sun yi ritaya ɗaya bayan ɗaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, ba a maye gurbinsu ba, har aka wayi gari za ka shiga sashen aikin gona na ƙaramar hukuma ka tarar da jami'in daji guda ɗaya tilo, ga tebur ga kujera, ba abin hawa, ba ɗan aike, an ɗora masa ƙasar da ko mahayin doki ba zai kewaye ta a mako ba, sa'an nan in gobara ta ci rumbunan mutane a ce ina malamin daji yake.

Shekara da shekaru uzurin da ake kawo mana shi ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wai kuɗi ba ya isowa. Na karɓi wannan uzuri a lokacinsa. Amma ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa rabon ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan a riƙa biyansu kai tsaye, kuma ko da aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, ba wanda ya hana shugaba ya zauna da ma'ajinsa da kansilolinsa su buɗe wa daji babi nasa na kansa a cikin kasafi, maimakon a cusa shi ƙarƙashin aikin gona inda kuɗin taki ke haɗiye shi kowace shekara. Ɗaukar ƙananan ma'aikata kuwa, daga mataki na 1 zuwa na 6, a hannunku yake, ba sai kun nemi iznin kowa a Abuja ba.

Sa'an nan akwai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ci mini rai, kuma ina roƙon ma'aji-ma'aji su kasa kunne. Aikin hana gobara yana da ajalinsa kamar yadda shuka take da nata. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, lokacin da gamba da kyasuwa suka fara juyawa amma ba su bushe ƙayau ba, a nan ne ake bukatar kuɗin 'yan ƙwadago masu share iyaka, da man babur, da abincin masu kwana a daji. In waɗannan 'yan makonni suka wuce, to, sai kuma baɗi. Abin da aka saba yi kuwa shi ne a rubuta takardar neman kuɗi a Satumba, ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, a sa mata hannu a Fabrairu, bayan iskar hunturu ta riga ta kora wuta daga wannan gefen gandu zuwa wancan, sai a ɗauki ninkin abin da aka hana a sayi buhunan hatsi da bandir ɗin kwano a kai jaje, a tara masu ɗaukar hoto. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ba na raina jaje, sadaka ce kuma tana da lada, amma wanda aka ba amana aka kuma ba shi ikon hana ɓarna tun kafin ta auku, jajensa ba ya ɗauke masa alhakin sakacinsa.

Kada wani ya ɗauka ciyawa ce kurum take ƙonewa. Wutar ƙarshen rani takan kashe duk wani ɗan tsiro da bai kai tsawon mutum ba, shi ya sa za ka shiga daji ka ga tsofaffin itatuwa tsaye ba matasa a ƙarƙashinsu. Takan lashe furen ɗorawa da na kaɗanya, waɗanda a cikin rani suke fitowa, sai shekara ta zo ba kalwa ba man kaɗe, kuma iyayenmu matan da ke zaune can baya sun fi ni sanin abin da wannan ke nufi ga tukunyar miya da kayan ɗakin 'ya'yansu. Takan bar ƙasa tsirara, ruwan farko ya kwashe tokar da tsomon ƙasar gaba ɗaya ya zuba a rafi. Kana ta bar makiyayi ba abin da zai ba dabbarsa, ya kora garke ya gangara fadama tun mai lambu bai kwashe amfaninsa ba, daga nan kuma sai abin da mai martaba da hakimansa suka sha zaman sulhu a kai. Duk wannan fitina, sau da yawa, asalinta yara ne suka bi gafiya da wuta, ko mai zuma ya yar da bakin wutarsa, ko mai gawayi ya tafi gida bai tabbatar raminsa ya mutu ba.

Na ji wasu na cewa ai Gwamnatin Tarayya ta amince a 2025 a ɗauki dakarun tsaron daji, don me kuma za a ɗora wa ƙaramar hukuma nauyi. Muna maraba da wannan mataki, domin duk wanda ya san halin da dazuzzukan Rugu da Kamuku da Kuyambana da Sambisa suka shiga ba zai ƙi shi ba. Sai dai aikin mai bindiga daban, aikin mai adda da manjagara daban, kuma ni a ganina da ba a janye ma'aikata daga gandaye aka bar su kufai ba, da miyagu ba su same su da sauƙi haka ba. Haka nan wasu sun dogara ga manyan shirye-shirye: ga shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda jihohi 11 na arewacin ƙasar nan ke ciki, aka kafa masa hukuma a 2015, ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda ya game jihohin arewa 19 da Abuja. Alheri ne babba. Amma shiri yana da ranar ƙarewa, masu shi su naɗe tabarmarsu su tafi, dashen da suka bari kuwa yana bukatar wanda zai tsare shi rani bayan rani har ya fi ƙarfin wuta da akuya. Dokoki ma ba mu rasa ba, tun da akwai ƙa'idojin hana ƙunar daji na 2011 a ƙarƙashin hukumar NESREA, ga kuma dokokin gandun daji na jihohi. Abin da muka rasa shi ne mutumin da zai tsaya a bakin gandu da sunan hukuma.

Malamai suna nan, in na yi kuskure su gyara mini. Keɓe hurumi domin maslahar jama'a ba baƙon abu ba ne a shari'armu: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma bai tsaya ga keɓewa ba, sai da ya naɗa wa hurumi mai kula, wani bararren bawansa mai suna Hunayyu, ya yi masa wasiyya da sassauci ga masu ƙananan garke. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya kuma, har a cikin Muhtasar, sun ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi ta ɓata dukiyar wani. Ina roƙon limamai su ware huɗuba ɗaya a farkon kaka domin wannan mas'ala, dagatai kuma su sa a yi shela a kasuwanni kamar yadda ake yi a da. Sarkin Dawa, na ga kana gyaɗa kai. To, jama'arka nake nufi da rabin maganar nan, kuma na san in ka hana, sun hanu.

Ku kuma 'ya'yana, kakin da kuka sa yau amana ce. Za a zo muku da 'yan kuɗi a ce ku kau da kai a sare madaci ko a ƙone marke, za a kuma zo muku da sunan wani babba. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya sayar da bakinsa, ba zai sake iya tsawata wa kowa a wannan ƙasa ba, kuma kwamitin nan ba zai tsaya masa ba. Kada ku wulaƙanta matar da ta fito neman ƙiraren girki, kada ku mai da kaki abin tsoratar da talaka, kuma kada ɗayanku ya tunkari wuta shi kaɗai ko ya tsaya a gabanta ta ɓangaren da iska ke kaɗawa, domin ranku ya fi kowane gandu daraja a wurinmu da wurin iyayenku.

Mai girma Kwamishina, ina roƙo a isar wa mai girma Gwamna cewa sakataren kwamiti zai miƙa wa kowace ƙaramar hukuma sunayen 'ya'yanta yau kafin a watse, kuma za mu koma gaban mai martaba kafin ruwa ya ɗauke da jerin waɗanda suka ba da takardun aiki da waɗanda ba su bayar ba, a karanta a fada. Yanzu ina gayyatar mai martaba, Allah ya taimake shi, ya taso ya sa wa yaran nan albarka ya miƙa musu takardun shaidarsu.