Yawon da Munka Yi da Ƙafa Kafin Mu Aza Tubalin Sito

Uwar ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa, da mazajenmu da sunka bar aikin fadama sunka zo taya mu murnar zagayowar wannan rana, Allah ya saka da alheri.

Kun san abin da ke gabanmu. Kuɗin da munka yi shekaru muna tarawa, na turara shinkafa da na ƙuli da na adashi, sun kai mu gina sito namu na kanmu. Kun kuma san abin da shagon haya ya yi mana bara: rufin kwano kusa da kai, ba iska, da rana kamar tanda, da damina kuma laima ta taso ta ƙasa har buhunan da ke jingine da bango sunka yi fumfuna. Shi ya sa da kunka ɗora wa kwamitinmu neman shawara, wata tsohuwa cikinmu ta ce kafin a kira magini, a je a dubi ginin da ya riga mu zuwa duniya kuma yana nan tsaye. Dariya munka yi mata da farko. Daga baya munka ɗauki mayafanmu.

Mun fara da nan Birnin Kabi, bayan sallar asuba, daga filin ƙofar fadar Sarkin Gwandu. Da yawanmu kullum muna wucewa ta wurin a kan kabu-kabu, ba mu taɓa tsayawa ba. Garin nan tsohon birnin Kabawa ne, jihadi ya ci shi a 1805, sai zamanin Turawa hedikwatar masarautar Gwandu ta dawo cikinsa. To, tun daga lokacin anka riƙa gina ofisoshin En'e da gidajen bariki. Wanda ya tafi a hankali zai gane su: bango mai kauri, rufi can sama, baranda mai faɗi wadda ba ta barin rana ta taɓa bangon ɗaki, tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa. Daɓen ma an ɗaga shi daga ƙasa, sai ka hau matakala biyu ko uku. Ga dogon yaro ya yi musu rumfa. Mun tsaya a wata baranda da hantsi, wallahi ba wadda ta nemi mafici.

Kada a ce muna yabon Nasara. Ba da kuɗin Ingila anka yi waɗannan gine-gine ba. Harajin kakanninmu ne da jangalin Fulani da anka zuba a baitulmali, kuma su ne sunka ɗauko ƙasa da dutse a ka, wani da lada, wani ba lada. Saboda haka in mun ga ɗaya ya tsage, akuyoyi na kwana ciki, gumin gidanmu ne ke lalacewa. Kuma mun ga irin haka, abin ba daɗi.

Mako na biyu munka shiga mota zuwa Argungu. Yawancinmu Matan Fada kawai munka sani, lokacin bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Wannan karon cikin gari munka taka, ta gefen kasuwa, zuwa gidan tarihi na Kanta, wanda mutanen gari ke kira Gidan Nabame. Nan ne fadar Sarkin Kabi har 1942, sa'ad da anka koma sabuwar fadar da anka gina zamanin Turawa, sannan a 1958 anka mai da shi gidan tarihi. Akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura, akwai kuma kaburburan sarakuna, inda munka yi addu'a. Amma mu da sito ke ranmu, bango munka riƙa shafawa. Shiga soron ke nan sai sanyi ya tarbe mu kamar an buɗe randa. Nan munka gane Bature bai zo da wannan dabara a jirgi ba, ya iske maginanmu da ita. Abin da ya ƙara shi ne baranda da manyan tagogi da kwano.

Ga shawararmu, kuma ba mai arha ba ce. Magini ya ce in an ɗaga daɓe, an ƙara tsawon bango, an yi baranda gabas da yamma da ƙofofin iska a sama, kuɗinmu ba za su kai ɗaki biyu da ofis kamar yadda munka tsara ba. Ɗaki guda babba za a samu, ofis ya jira baɗi. Mun san wasu za su ji ciwo, musamman ma'aji da ta gaji da ajiye littattafai ƙarƙashin gado. Mu dai a kwamiti mun zaɓi ɗaki guda. Dogon yaro kuwa ko yau ana iya dasawa, filin namu ne.

Bayan an ci abinci za a ɗaga hannu a kan wannan magana. Wadda ke son ganin wuraren da idonta kafin a fara haƙa harsashi, ta ba sakatariya sunanta. Asabar mai zuwa za mu sake fita, ƙarfe bakwai, daga ƙofar fada. A zo da takalmi mara tsini.