MAKANKARI DA NUMFASHIN KIFI
Jawabi ga masu kiwon kifi na Unguwar Dosa da kewaye

Yau maganarmu ta fi shafar waɗanda suka haƙa kududdufin kifi a fadama, suna jawo ruwa daga Kogin Kaduna ko wani rafi, kamar 'yan'uwanmu na wajen Malali da Rafin Guza. Mai kiwo cikin tankin siminti da ruwan rijiyar burtsatse shi ma ya saurara, don wata rana zai sayi kifin kogi ya zuba.

Kowa ya san makankari, wanda wasu ke kira ƙumba, watau abin nan mai ɓawo biyu da ke kwance cikin laka, wanda iyayenmu mata ke kankare tukunya da ɓawonsa. To, 'ya'yansa ba sa girma sai sun hau jikin kifi. Uwar takan saki dubbai cikin ruwa, kowane bai kai rabin milimita ba. Wani iri yakan manne a fiffike ko fatar kifi; wani Bature, Geoffrey Fryer, ya bayyana rayuwar irin wannan a Yuganda a 1961. Wani irin kuma yakan bi ruwan da kifi ke shaƙa, ya damƙe jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin kumatu, wanda kifi ke numfashi da shi. Mu kira shi huhun kifi.

Ga abin da ke faruwa bayan ya damƙa. Cikin 'yan sa'o'i kaɗan fatar huhun takan taso ta lulluɓe shi ruf, kamar yadda nama ke rufe ƙaya a tafin ƙafa. Idan kifin ba irin wanda ya dace da shi ba ne, sojojin jini sukan taru a wurin, fatar ta saɓule da baƙon cikin kwana kaɗan, shi ke nan. Idan kuwa ya dace, sai ya zauna a ciki yana ci daga jikin kifin, kwanaki ko makonni, gwargwadon ɗumin ruwa, kana ya faɗo ƙasa ya zama ƙaramin makankari. An gwada a Amurka an ga kifin da abin ya taɓa kamawa, jininsa yakan riƙe shaidar baƙon. In ya sāke dawowa, rufin ba ya kamawa da kyau, da yawansu su zube tun ba su ƙosa ba.

Saboda haka babban kifi, tarwaɗa ko karfasa, ba kasafai abin ke kayar da shi ba. 'Ya'yan kifi su ne abin ji. Huhunsu ɗan mitsitsi ne, in wurare da yawa suka kumbura suka yi kauri, iskar da ke cikin ruwa ba ta ratsawa zuwa jini. Sai ka ga sun daina ci, sun taru inda ruwa ke shigowa, suna haki a sama, musamman da asuba. Su ne kuwa kuɗinka.

Amma a kula, haki ba shaida ba ce. Ƙazantar ruwa da cunkoso sun fi jawo shi nesa ba kusa ba. Ka ɗauki biyu ko uku da ransu ka kai wa malamin gona ya duba da gilashin ƙara girma.

Inda manomi ke asara shi ne wajen magani. Da zarar fata ta rufe baƙon, gishirin da ka zuba ba ya kai gare shi, kuma kafso na mutane ba ya yi masa komai, ɓarnar kuɗi ce kawai. Abin yi shi ne ka taimaki kifin ya yi numfashi har abin ya faɗo da kansa: ƙara ruwa mai tsabta, rage abinci, rage yawansu, kada ka dame su da koma.

Rigakafin kuwa yana bakin bututu. Ka tace ruwan kogi ta cikin yashi ko ƙyalle mai ƙananan ido kafin ya shiga wajen 'ya'yan kifi. Kifin da aka kamo daga kogi a ajiye shi daban na wasu makonni. Bayan kwashe kifi, a zubar da ruwa, a tsince makankarin da ke cikin laka, a bar ƙasar ta bushe har ta tsage. Lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan.

Wanda kuka tsince, ku mayar da shi kogi, kada ku zuba wa ruwa guba. A can tace ruwa yake yi. Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu.