Jawabi A Kan Hattara Da Na'urar Da Ke Taya Rubuta Manhaja

Kwamfuta ba ta yin kome sai da umurni. Jerin umurnin nan shi ake kira manhaja, kuma da shi ne banki ke riƙe kuɗin jama'a, asibiti ke ajiye labarin majinyata, ma'aikatu ke biyan albashi. A da, mutum ne kaɗai ke rubuta shi. Amma tun 2021, lokacin da kamfanin GitHub ya fito da Copilot, sa'an nan ChatGPT ya biyo baya a 2022, marubutan manhaja suka sami mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, wanda ke gama aikin yini cikin ɗan lokaci.

To, amma sauri kan haifi nawa. Mataimakin nan ya yi koyo ne daga ɗimbin rubutun da wasu suka yi, mai kyau da maras kyau, kuma kintata abin da ya dace yake yi, bai san manufar aikin ba. A 2021 masana a Jami'ar New York ta Amurka sun gwada Copilot, ya rubuta manhaja 1,689, aka tarar kusan kashi 40 cikin ɗari suna da kafar da ɓarawo zai iya shiga.

Aron rubutu ba tare da bincike ba ya daɗe yana jawo hasara. Ran 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, domin an ɗora mata manhajar Ariane 4 ba a gwada ko ta dace da gudunta ba.

Akwai kuma haɗarin tonon asiri. A 2023 wasu ma'aikatan Samsung sun zuba rubutun sirri na kamfanin cikin ChatGPT, har kamfanin ya taƙaita amfani da irinsa. Mafi muni shi ne sakar wa na'ura ragama: a 2025 mataimakin kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan wani mai hulɗa da shi, alhali an hana shi taɓa kome.

Saboda haka wajibi ne kowace ma'aikata da kowane kamfani su kiyaye waɗannan:

1. Kada a yi aiki da rubutun na'ura sai ƙwararre ya karanta, ya fahimta, ya sa hannu.
2. A gwada sabuwar manhaja a keɓe, nesa da bayanan jama'a.
3. Kada a ba mataimakin ikon gogewa ko canza rumbun bayanai shi kaɗai.
4. Kada a zuba masa kalmar sirri ko bayanan mutane.
5. A tabbatar duk wata manhajar aro da ya ambata akwai ta, domin yakan ƙaga sunan abin da babu, miyagu kuwa su yi amfani da sunan su ɗana tarko.
6. A ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyin tsare bayanan mutane a wuyan mai tara su da mai sarrafa su. Ranar da aka yi ɓarna, ba na'ura za a tuhuma ba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye dukiyar jama'a da asirinsu, amin.