Amsoshin Wasiƙunku: Me Ake Yi A Ƙungiyar Marubuta?

Yau wasiƙu biyu za mu ɗauka, domin duk bakinsu ɗaya.

Ta farko daga wata ƙanwarmu ce a Rano. Ta ce ta rubuta labari har ya cika littattafan rubutu guda huɗu, ba wanda ya taɓa gani sai ƙawarta. To ga wani mutum ya ce ta ba shi, ya ba ta 'yan kuɗi ya buga, amma sunansa za a sa a bango. Wata malamarsu kuma ta ce ta fara kai shi ƙungiyar marubuta. Tana tambaya, me ake yi a can? Kuma ba za a sace mata labarin ba?

To ƙanwata, kafin komai, kada ki miƙa wa mutumin nan littattafanki, ko da kuwa cewa ya yi zai duba ne ya dawo miki da su. Ki saurara ki ji dalili.

Ita ƙungiyar marubuta ba ofis ba ce mai teburi da akawu. Zama ne na masu sha'awar alƙalami, galibi sau ɗaya a wata, a ɗakin karatu ko ajin wata makaranta. Akwai Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe da abokansa suka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, har da namu na Kano. A wajejen 1990 kuma aka yi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya a nan Kano. Su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, mai Budurwar Zuciya, duk sun zauna a Raina Kama. A lokacin in ka sayi littafin ɗayansu, sai ka tarar da jerin sunayen littattafan sauran a ciki, kowa yana tallata ɗan'uwansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babban abin da ake yi a wurin shi ne karatu da sharhi. Za a rubuta sunayen masu karatu, a kira ki, ki tashi ki karanta shafi biyu ko uku da bakinki. In kin gama ki zauna ki yi shiru, jama'a su yi magana. Wani ya ce tauraruwar labarin nan 'yar ƙauye ce, me ya sa take magana kamar 'yar jami'a? Wata ta ce a shafin farko kin ce da damina ne, ina aka samo hazo a shafi na uku? Wani dattijo ya ce wannan karin maganar ba haka take ba. Abin da zafi, ban ɓoye miki ba. Amma gara ki ji shi a gaban mutum ashirin da ki ji shi bayan an buga kwafi dubu.

Ni kaina na sha. Ranar da na fara karatu a irin wannan zama, ina malamin firamare, ga takardar shaidar malanta a aljihu, ina ganin wa zai koya mini Hausa? Da na gama, sai wani dattijo ya karɓi takardata, ya zaro jan biro. Kafin a tashi ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Na rubuta “shine” a haɗe, alhali “shi ne” ake rabawa. Na raba “ya na” alhali “yana” a haɗe take. Na bar baƙaƙe masu ƙugiya ba ƙugiya, har ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari. Wallahi ranar ban ci tuwon dare da daɗi ba. Amma washegari a allo na gyara wa yarana abin da na shekara ina koya musu ba daidai ba. Kuma ba abin kunya ba ne. Abubakar Imam ma, da ya sami kyauta a gasar 1933 da Ruwan Bagaja, sai da aka kai shi Zariya a 1936, ya zauna tare da Dokta East ana duba aiki ana gyarawa, sannan aka sami Magana Jari Ce.

Bayan ƙa'idojin rubutu, a nan za ki koyi harkar ɗab'i daga waɗanda suka taɓa ƙonewa: yadda ake buga rubutu a kwamfuta, wa zai tace, nawa maɗaba'a take karɓa, yadda ake neman lambar ISBN a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, da yadda ake lissafi da 'yan kasuwa don kada a karɓi littafi bashi a bar ki da yawo. A nan kuma ake jin labarin gasa, irin Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 don mata zalla.

Sai batun sata. A dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar nan, tun ranar da kika sa labarin a takarda ya zama naki, ba sai kin yi rajista ba. Kuma ba a sallama wannan haƙƙi ga wani sai a rubuce. Amma in kin ba da littattafan hannunki, ba kwafi, ba shaida, aka buga da sunan wani, da me za ki kafa hujja? Wanda ya karanta a gaban jama'a kuwa ya tara shaidu. Don haka ki yi hoton littattafan, ki rubuta kwanan wata, ki ajiye na asalin a gida. Shafukan da za ki karanta kawai za ki tafi da su. Kada kuma ki tafi a ɓoye. Ki gaya wa mahaifanki, ki roƙi malamar nan ko yayanki ya raka ki, su gani da idonsu zaman rana ne, da iyaye mata a ciki. In an ce sai kin biya wasu maƙudan kuɗi kafin a saurare ki, ki juyo, wannan ba ƙungiya ba ce.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi ce a Haɗejiya, ya ce shi waƙa yake rubutawa, ko da shi a ciki? Da kai mana, samari! Sha'irai ma sun daɗe da nasu zaman. A shekarun 1970 Alhaji Mudi Sipikin ya jagoranci Ƙungiyar Hikima a Kano, Alhaji Aƙilu Aliyu kuma yana da Hausa Fasaha. In ka je za a sa ka rera, ba karantawa kurum ba, domin a rerawa ne ake jin inda ɗango ya yi ɗingishi. Za a nuna maka gaɓa mai nauyi da marar nauyi, da babban amsa-amo da ƙarami, da bambancin ƙwar biyu da ƙwar biyar. In garinku babu ƙungiya, ka nemi mutum huɗu ko biyar masu ra'ayi, ku roƙi wani malamin Hausa ya riƙa zama da ku, ku sa rana ku riƙe ta. Da haka sauran ma suka fara.

Ke kuma ƙanwata ta Rano, muna jiran wasiƙarki ta biyu, ki gaya mana yadda jan biro ya yi da ke. Ranar da littafin ya fito da sunanki a bango, a wannan fili za mu fara sanarwa.